Yadda Ɗalibin Ƙasar Sin Ke Fama da Nahawun Turanci, da Darasin da Ke Ciki Gare Mu

Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da ɗalibai na ƙungiyarmu



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, malamanmu na boko da na Islamiyya, iyayenmu mata, 'yan uwana 'yan kasuwa, da ku 'ya'yanmu ɗalibai waɗanda dominku aka taru, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Kwamitin ilimi ya nemi in yi magana a kan faɗuwar da 'ya'yanmu ke yi a jarrabawar Turanci. Kowa a nan ya sani cewa yaro ko ya ci lissafi ya ci kimiyya, muddin ba shi da kiredit a Turanci a takardarsa ta WAEC ko NECO, to ƙofar jami'a a rufe take. A jarrabawar JAMB ma haka abin yake, domin cikin tambayoyi 180, guda 60 na Turanci ne, kuma dole ne a kan kowa. Gida nawa ne a unguwar nan da ke da yaro a zaune shekara biyu ko uku saboda wannan darasi guda? Kuɗin rajista ya tafi sau biyu, yaro ya karaya, daga ƙarshe a ce ya zo rumfa ya taya babansa.

To, ni ɗan kasuwa ne, karatuna kuwa na Islamiyya ne. Abin da zan iya kawo muku shi ne labarin wasu yara da ke fama da irin wannan darasi a wata ƙasa mai nisa, wato ƙasar Sin, wadda muke kira Caina, inda da yawa daga cikinmu ke zuwa sarin kaya. Ku yi haƙuri ku bi ni a hankali, za ku ga inda labarinsu ya haɗu da namu.

Jarrabawar da ke gabansu

Tsarin karatunsu ya yi kama da namu: shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare. Tun shekarar 2001 ma'aikatar iliminsu ta ba da umarni a fara koyar da Turanci daga aji uku na firamare. Ke nan yaro zai yi kusan shekara goma yana Turanci kafin ya gama sakandare. A ƙarshe akwai babbar jarrabawar shiga jami'a da suke kira "gaokao", wadda bisa al'ada ake yi a farkon watan Yuni. An maido da ita a shekarar 1977 bayan an dakatar da ita kimanin shekara goma. A shekarar 2024 ɗalibai miliyan 13 da dubu 420 ne suka yi rajistarta. A yawancin lardunansu jimlar maki 750 ne, daga ciki harshen Sinanci na da 150, lissafi 150, harshen waje 150. An yarda yaro ya zaɓi Rashanci ko Japananci ko Faransanci da wasunsu, amma mafi yawa Turanci suke ɗauka. Kun ga ke nan kashi ɗaya cikin biyar na makin yaro yana rataye ne a kan harshen da ba ya jin sa a gida, ba ya jin sa a kasuwa, ba ya jin sa a mota. Ana kuma son ya san kalmomi sama da 3,000.

Harshen da kalmarsa ba ta sauya kama

Mu da muka zauna gaban malam mun san ilimi biyu. Akwai nahawu, wanda ke duba yadda ake jera kalmomi a jimla. Akwai kuma sarfu, wanda ke duba yadda kalma guda ke sauya kama: kataba, yaktubu, kitabun, katibun, maktubun. Hausa ma cike take da sarfu. Ku duba: saya, sayo, saye, sayar, sayayya, masayi. Ko kuma karanta, karatu, makaranta, makaranci. Bahaushe tun yana goye yake jin kalma tana juyawa a kunnensa.

To, jama'a, Sinanci kusan ba shi da wannan. Kalma yadda take haka take, kamar bulo. Kalmar "mai" da wata irin murya tana nufin saya, da wata murya kuma tana nufin sayar, domin harshe ne mai karin sauti, kamar yadda mu ma muke bambanta wuyan jiki da wuyar aiki. Amma ko wa ya yi sayen, ko yaushe aka yi shi, kalmar ba ta motsi. Basine zai ce "wo zuotian mai", wato ni jiya saya. Zai ce "wo mingtian mai", wato ni gobe saya. In yana son nuna an gama aikin, sai ya ajiye wata 'yar kalma "le" a bayan fi'ilin. Shi ke nan.

Yanzu ku ɗauki wannan yaro ku ajiye shi gaban Turanci. An ce masa "buy", in wani mutum guda ne ke yi a ce "buys", in jiya ne a ce "bought", in ana cikin yi a ce "buying". An koya masa a liƙa "ed" don nuna abin da ya wuce, sai kuma a ce masa akwai fi'ilai wajen 200 da ba su bin wannan doka: "go" ya koma "went", "sell" ya koma "sold". Yaron ya san dokar sarai, in ka tambaye shi zai karanto maka. Amma idan ya zo rubutu da sauri sai hannunsa ya koma ga harshen uwarsa, ya rubuta "yesterday I buy", domin a tunaninsa ai kalmar jiya ta riga ta gama bayani.

Na biyu, jam'i. Littafi a harshensu "shu" ne. Littafi ɗaya "yi ben shu", littafi uku "san ben shu". Kalmar ba ta ƙaru da komai ba. Saboda haka "s" ɗin nan na ƙarshen kalma yakan zube masa a hanya. A nan mu ma sai mu duba kanmu, domin duk da yawan jam'in Hausa, in muka zo ƙirga cewa muke buhu biyar, naira goma, littafi uku. Daga nan ne "three book" ke shigowa takardar ɗan Bahaushe.

Na uku, namiji da mace. A bakin Basine "shi" da "ita" har da dabba duk "ta" ne, murya ɗaya. A rubuce ne kawai suke bambanta, shi ma harafin mace bai daɗe ba, wajen shekarar 1920 ne wani masani mai suna Liu Bannong ya yaɗa shi. Shi ya sa duk wanda ya yi ciniki a Guangzhou ya taɓa jin mai kanti yana maganar matarsa yana cewa "he".

Na huɗu, 'yan kalmomin nan "a" da "the". Babu su a Sinanci sam. Mu muna da abin da ya yi kusa da su, domin mun san bambancin "wani littafi" da "littafin". Shi kuwa yaron Sin dole ya gina wannan tunani daga tushe.

Na biyar, jerin jimla. Mu cewa muke "littafin da na saya jiya", sunan a gaba, bayani a baya, daidai da yadda Bature ke yi. Su kuwa sai su ce "wo zuotian mai de shu", wato ni jiya saya, sannan littafi ya zo a ƙarshe. Duk tsawon bayanin, gaba yake zuwa. Haka nan a tambaya: su "kai saya me" suke cewa, ba a ɗaga komai daga wurinsa, alhali Turanci na son a kawo kalmar tambaya gaba, a kuma shigo da "did" ko "does". Akwai kuma wani wuri da mu da su muka yi tarayya. Su kan ce "suiran" a farkon jimla su biyo da "danshi", kamar dai yadda muke cewa "ko da yake" mu biyo da "amma". Turanci bai yarda a haɗa "although" da "but" a jimla ɗaya ba. Ɗan Beijing da ɗan Agege duk a wannan rami suke faɗawa.

Na shida shi ne babba, wato dangin kalma. Kalmar "chenggong" ita kaɗai tana ɗaukar ma'anar cin nasara, da nasarar kanta, da mai nasara. Turanci kuwa ya raba: "succeed" fi'ili, "success" suna, "successful" sifa, "successfully" bayanin yadda aka yi aikin. Yaro ya san ma'ana, amma wanne zai ɗauka a cikin huɗun? A nan ne maki ke zubewa.

Har lafazi ma yana da hannu a ciki. Gaɓar kalma a Sinancin Mandarin da wasali take ƙarewa, ko da "n" ko "ng", sai 'yan kaɗan da "r". Turanci kuwa a wutsiyar kalma yake ajiye nahawunsa, cikin baƙaƙe masu cunkoso, kamar "asked" ko "shops". Abin da kunne bai kama ba, hannu ba zai rubuta ba. Mu da muka mai da "bread" burodi ai mun san wannan ciwo.

Yadda suke tunkarar abin

A takardar Turanci ta gaokao akwai wani sashe da aka ware don wannan matsala. Ana ba da ɗan labari mai gurabu 10, maki 15. A yawancin gurabun ana ajiye wa yaro asalin kalma, aikinsa shi ne ya juya ta ta dace da wurin. Bari in ƙirƙiro muku misali irin na kasuwa. A ce "Last year my uncle" sai gurbi, sai "two shops", kalmar da aka bayar "open". Yaro zai ga an ce bara, sai ya rubuta "opened". A ce "He spoke" sai gurbi, sai "to the customer", kalmar "polite". Yaro zai ga aikin magana ake siffantawa, sai ya rubuta "politely". A ce "The" sai gurbi, sai "of the goods was delayed", kalmar "arrive". Bayan "the" kuma kafin "of" suna ake nema, sai ya rubuta "arrival".

Malamai, wannan ba shi ne i'irabi ba? Duk wanda ya karanta Ajurumiyya ya san cewa kafin ka sa wa kalma wasalin ƙarshe sai ka tambayi matsayinta a jimla: ita ce ta yi aikin, ko a kanta aikin ya faɗa? Haka malaman Sin ke horar da yaransu: ka duba abin da ke gaban gurbi, ka duba abin da ke bayansa, ka nemi kalmar lokaci, ka duba ko jimlar ta riga ta sami fi'ilinta. Kuma ku lura da wannan, da Sinanci ake yi musu yawancin bayanin. Malami ba ya jin kunyar ya ɗauki harshen gida ya buɗe wa yaro harshen waje da shi.

Abu na biyu shi ne karatun safe. A makarantunsu da yawa kafin a fara darasi ajin gaba ɗaya kan ɗaga murya ana karanta Sinanci ko Turanci, kamar dai makarantar allo da asuba. Akwai wani littafi mai suna New Concept English, na wani Bature L. G. Alexander, wanda ya fara fitowa a 1967. Ya yi farin jini ƙwarai a ƙasar, har ɗalibai da yawa kan haddace darussansa sukutum. Hikimar ita ce in jimla mai kyau ta zauna a baki, ranar da ka yi kuskure kunnenka ne zai fara tsawata maka.

Abu na uku shi ne wanda ya fi burge ni. Suna kiran sa "cuotiben", wato littafin kurakurai. Na gan shi da idona a Guangzhou a hannun 'yar wani mai masana'anta da nake sarin kaya a wurinsa, yarinya 'yar ajin ƙarshe. Kowane shafi ta raba shi uku: jimlar da ta faɗi, gyaran da jan biro, sannan dalilin kuskuren da harshensu. Babanta ya ce mini kafin kowace jarrabawa wannan littafi take bitar sa fiye da na makaranta. Na ce a raina ai wannan littafin bashi ne. Ɗan kasuwar kirki ba ya barin bashi a ka, rubuta shi yake, ya riƙa dubawa har a biya.

Inda tsarin nasu ya gaza

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce komai nasu daidai ne. Su da kansu suna da wani suna da suke yi wa abin ba'a da shi, wato Turancin bebe: yaro ya cinye maki a takarda, amma in baƙo ya tambaye shi hanya sai ya daskare. Mu da ke zuwa bikin baje kolin Canton, wanda ake yi a Guangzhou tun 1957 sau biyu a shekara, mun sha yin ciniki da na'urar lissafi da nuni da yatsa, ko yanzu da fassarar waya. Ga kuma matsi. Yaro ya fita da sassafe, bai dawo ba sai dare. Hukumar lafiyarsu ta bayyana cewa a shekarar 2020 kimanin kashi 80 cikin 100 na ɗaliban babbar sakandare ba sa gani nesa sosai. Abin ya kai a watan Yulin 2021 gwamnatinsu ta taka wa kamfanonin darasin bayan makaranta birki, ta kuma rage yawan aikin gida ga 'yan firamare da ƙaramar sakandare. Saboda haka mu ɗauki tsabar, mu bar musu dusar.

Inda labarin ya iso gidanmu

To, ga inda nake son kai ku. Yaronmu da aka haifa a nan Kudu harshe nawa ke bakinsa? A gida Hausa, a layi Yarabanci, a kasuwa da filin ƙwallo buroka. Ku saurari burokan nan da kyau. "I don buy", "I dey buy", "I go buy". Fi'ilin bai motsa ba, 'yar kalma ce ake ajiyewa a gefensa, daidai da "le" ɗin Sinawa. "E don come", namiji ne ko mace ko mota, duk "e" ne, daidai da "ta". Yarabanci ma "o" guda yake amfani da shi ga namiji da mace. Ashe ke nan ciwon ɗan Sin shi ne ciwon ɗanmu.

Bambancin guda ne, kuma shi ne haɗarin. Ɗan Sin ya san cewa bai iya Turanci ba, don haka yake zama ya koya daga tushe. Ɗanmu kuwa yana zuba buroka kamar ruwa, shi da mu duk mun ɗauka ya iya. Uba ya ji ɗansa yana faɗa da kwandasta da Turanci sai ya ce ai wannan ya gama. Sai ranar da sakamako ya fito a ga F9. Ni ban raina buroka ba, da shi muke cin abinci a Alaba da Idumota da Mile 12, harshe ne mai dokokin kansa. Amma mai duba takardar WAEC ba shi yake nema ba. Dole yaro ya san riga biyu ce, ta kasuwa daban, ta aji daban.

Kuma ɗanmu na da jarin da ɗan Sin ba shi da shi. Yana da Hausa mai bambanta shi da ita, mai juya kalma guda ta haifi goma. In yana zuwa Islamiyya yana da sarfu da nahawu. Yana jin Turanci a rediyo da talabijin da bakin malaminsa kullum. Jarin na nan, juya shi ne ba a yi ba.

Shawarwarina

Na farko, ga ɗalibai. Kowa ya sayi littafin rubutu guda ya mai da shi littafin kurakurai. Duk jimlar da malam ya ja wa jan biro, ka kwafe ta, ka rubuta gyaranta, ka rubuta dalili da Hausa. Ranar Asabar ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Cikin wata biyu za ka ga ashe kurakuranka ba su wuce iri biyar ko shida ba, su ne ke ta dawowa da sabuwar riga.

Na biyu, kada ka koyi kalma ita kaɗai, ka koye ta da danginta. Ka ja layi huɗu a shafi: fi'ili, suna, sifa, bayanin aiki. In ka sami "decide", ka nemo "decision" da "decisive" da "decisively". Kalma biyar a rana ta isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, karatu da murya na minti 20 kowace safiya, ana furta wutsiyar kalma sosai, "s" da "ed" su fito fili. Uwa ko ba ta ji Turanci ba za ta iya tabbatar da an zauna an yi.

Na huɗu, ga kwamitin ilimi. Ina roƙon a buɗe darasin nahawun Turanci a makarantar ƙungiya ranakun Asabar da Lahadi, wanda za a riƙa yin bayaninsa da Hausa. Muna da samari da 'yan mata da suka gama jami'a da NCE suna zaune. A haɗa su da malaman Islamiyya, a nuna wa yaro cewa abin da ya sani a sarfu shi ne ake tambayarsa a boko. Kuma a ware aji na 'ya'ya mata, kada a ce sai maza.

Na biyar, ga 'yan uwana 'yan kasuwa. Alawus ɗin malaman nan da kuɗin allo da littattafai a wuyanmu suke. Wanda ke iya biyan kuɗin kwantena ba zai gaza wannan ba. Kuma don Allah a sakar wa yara marece a watannin da jarrabawa ta gabato, rumfa ba za ta gudu ba. Gobe su ne za su karanta mana takardun kwastan da yarjejeniyar da muke sa wa hannu da masana'antun waje, inda bambancin "shipped" da "to be shipped" kaɗai ya isa ya ci wa mutum jarinsa.

'Ya'yana ɗalibai, Hausawa sun ce karatu farkonka maɗaci, ƙarshenka zuma. Yaron da harshensa ba shi da jam'i, ba shi da "the", ba shi da shi da ita a baki, yana zama ya lanƙwasa Turanci har ya shiga jami'a da shi. Ku da kuka fi shi kayan aiki, me zai hana ku? Ina fata baɗi war haka, in mun sake taruwa, sakataren kwamiti zai miƙe ya karanto mana sunayen waɗanda suka sami kiredit har ya gaji.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.